Gurbin Inayat a Littafin Asabar

Kwalejin Lamond ta cika shekara ɗari a daidai shekarar da shugabanta, Dokta Tanwir Warraich, zai ajiye aiki, shi ya sa kwamitin biki suka ɗora masa rubuta tarihinta. Suka ce babu wanda ya fi shi cancanta. A nan ya yi karatu, a nan ya koyar sama da shekara talatin, a nan ya yi shugabanci, kuma shi ne kyaftin ɗin da ya fara ɗauko wa kwalejin kofin lardi a wasan ƙwallon gora. Ya karɓi aikin da fara'a. Cikin wata huɗu ya rubuta babi tara ba gargada: yadda Lamond, wani dogon Bature mai ciwon ƙirji, ya fara da ɗalibai goma sha bakwai a tsohon rumbun auduga, yadda ambaliya ta taɓa cinye ɗakin karatu, yadda gwamnati ta karɓe makarantar ta riƙe ta shekara talatin, sannan ta mayar wa masu ita da rufi yana yoyo. Da ya iso babi na goma, wato na wasanni, sai alƙalami ya cije.

Duk wanda ya zauna a garinmu ya san abu biyu game da Lamond, ko da bai taɓa taka ƙofarta ba. Na farko Zaman Asabar. Tsohon Baturen nan ya bar doka cewa duk ɗalibin da ke son riƙe gora da sunan kwaleji sai ya zauna a babban zaure kowace Asabar da hantsi, ya saurari lacca ta awa ɗaya da rabi a kan abin da ba ruwansa da jarrabawa: wannan mako tarihi, mako mai zuwa taurari, wani lokaci waƙoƙin mutanen da. A bakin ƙofa akwai littafi mai koren bango, kowa ya sa hannu a gaban sunansa. Wanda aka bar layinsa fari ba zai buga wasa na gaba ba, ko da ɗan gwamna ne. Lamond yakan ce bai ƙetaro teku don ya yi kiwon shanu masu gudu ba. Na biyu kuwa bishiyoyin tut da suka kewaye fili, itacen da ake sassaƙa gora da shi. Kowace shekara kyaftin ɗin da ya jagoranci wasan ƙarshe shi yake dasa guda, a kafa ɗan allo mai sunansa a gindinta. Akwai tsofaffin da ke tasowa daga Karachi, har daga Ingila, don kawai su dafa tasu a ɗauke su hoto.

Ta Dokta Tanwir tana bayan ragar gabas, kuma ta fi duk sa'o'inta inuwa. Shekara arba'in da biyar yana wucewa ta gabanta bai taɓa zama a ƙarƙashinta ba. Mutane suka ɗauka tawali'u ne, mu kuwa a nan ba mu da wuyar yabon mai muƙami.

Gaskiyar magana, a shekarar kofin ba shi ne kyaftin ba, mataimaki ne. Kyaftin ɗin Inayat ne, ɗan wani masassaƙin gora daga wani ƙauye na bakin kogi, wanda kwaleji ta ɗauka kyauta saboda hannunsa. Siriri ne, ba ka ba shi ko kwabo idan ka gan shi a tsaye, amma in ƙwallo ta shiga gorarsa sai ka rantse ɗinke ta aka yi a jiki. Tanwir kuwa ɗan mai gonaki ne, mai tsaron baya, ƙaƙƙarfa amma mai nauyin ƙafa, har Inayat ya laƙaba masa suna Kunkuru, sunan kuma ya bi shi. Ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Man shanun da ake aiko wa Tanwir daga gida, rabinsa a cikin Inayat yake ƙarewa, gorar da Tanwir ke bugawa da ita kuwa mahaifin Inayat ne ya sassaƙa masa ita daidai tsayinsa.

Damuwar Inayat ɗaya ce, Asabar. Ranar ce mahaifinsa yake turara itace ya lanƙwasa kan gora, aikin da mutum ɗaya ba ya iyawa, don dole a lanƙwasa shi da zafinsa kafin ya huce, tsohon kuma ba shi da wani ɗa namiji. Saboda haka Inayat yakan hau mota ranar Juma'a da la'asar, ya dawo Lahadi hannunsa duk ƙuna. Littafin Asabar kuwa Tanwir ne yake sa masa hannu. Ya koyi yadda yake karkata rubutunsa hagu, da yadda yake jan wutsiyar harafin ƙarshe. Ba wanda yake tsayawa a kan littafin a zamanin nan, don an ɗauka ɗan Lamond ba ya ƙarya. Asabar ashirin da uku yana yi masa haka.

Ana saura kwana bakwai wasan ƙarshe, ranar Juma'a, mahaifin Tanwir ya shigo gari sayar da rake, ya biyo ya ga ɗansa. Ya tsaya a bakin fili yana kallon atisaye, ya ji Inayat yana ƙwala wa ɗansa kira, Kunkuru matso, Kunkuru koma. Da suka keɓe, tsohon bai yi faɗa ba. Ya gyara rawaninsa kawai ya ce, "Mota biyu na cika da dangi za mu zo kallon wasan nan. To me zan ce musu idan suka ga ɗan masassaƙi a gaba, ɗana na biye da shi a baya?" Bai ce a yi kaza ba. Ya ba shi kuɗin kashewa, ya hau keken dokinsa ya tafi.

Washegari Tanwir ya tsaya a gaban koren littafi, ya sa hannu a layinsa, ya sauko da alƙalami kan layin Inayat. Babu kowa kusa da shi, sauran duk sun shige zaure. Sai ya rufe alƙalamin ya sa a aljihu. A ransa ya ce wasa ɗaya ne kawai, Inayat yana da wasanni ɗari a gabansa, shi kuwa wannan ce kaɗai damarsa.

Bai yi lissafi da Shugaba Feroz Din ba, mutumin da ke bin diddigin abu kamar mai neman allura a tabarma. Ranar Litinin ya ga layin kyaftin fari, ya kira mai gadin zaure ya tambaye shi ko yaron lafiya. Mai gadi, cikin rashin sanin abin da yake tonowa, ya ce ai shi tun da aka shiga shekara bai taɓa ganin wannan yaro a Zaman Asabar ba. Aka kira Inayat, aka buɗe masa sa hannu ashirin da uku, aka ce ya faɗi mai yi masa. An ba shi kwana biyu, an yi lallashi, an yi barazana. Ya ce laifinsa ne shi kaɗai, ba kuma zai kira sunan kowa ba. Ranar Laraba aka kore shi.

Yana ɗaure akwatinsa ya tambayi Tanwir abin da ya faru ranar nan, tambayar mai son sani kawai, ba ta mai tuhuma ba. Tanwir ya ce malamin tarihi ne ya tsaya a kan littafin tun daga farko har ƙarshe, bai sami sarari ba. Inayat ya gyaɗa kai, ya ce gara da ya bari, da yanzu su biyu ne a bakin titi. Ya dafa kafaɗarsa ya ce ya kula da ɗan wasan hagu na abokan karawarsu, yana da saurin juyi.

Sun ci wasan ɗaya da nema. Masu zaɓen 'yan wasan lardi, waɗanda suka zo takanas don Inayat, sun tambaya aka ce ba ya nan, suka sha shayi suka tashi kafin a tafi hutun rabin lokaci. Dangi mota biyu sun yi ihu har muryarsu ta dishe. Tanwir ya dasa bishiya.

Bayan haka rayuwa ta yi ta miƙa masa abin da bai ma roƙa ba. Ya yi digiri, ya tafi ƙasar waje ya ƙaro, ya dawo ya kama koyar da tarihi. Inayat kuwa ya gaji wurin aikin mahaifinsa. Kowace shekara, ana gab da wasan ƙarshe, sai ya aiko da sabuwar gora kyauta ga kyaftin ɗin Lamond, tare da 'yar takarda ta gaisuwa ga Kunkuru. Da aka haifa masa ɗan fari ya sa masa suna Tanwir, ya aiko da gayyata, Tanwir babba ya aika da kayan jariri da uzurin jarrabawa. Da aka naɗa shi shugaba Inayat ya zo da kwalin alewar madara, ya jira awa biyu a baranda, aka ba shi minti goma. Ba ƙiyayya ba ce. Tanwir ba ya iya haɗa ido da shi ne, yana kuma jin kunyar da ba shi da wanda zai gaya wa.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne irin shugabancin da ya yi. Babu shugaban da ya tsananta dokar Asabar kamarsa. Shi ne ya fara sa malami ya tsaya a kan littafi daga farko har ƙarshe, wato ƙaryar da ya yi wa abokinsa ita ya mayar doka. Ɗalibai huɗu ya dakatar a kan sa wa juna hannu, iyayensu suka zo da manyan gari suna roƙo, ya ce Lamond ba ta lanƙwasuwa. Jaridu suka yabe shi. Shi kaɗai ya san wanda yake hukuntawa.

To ana saura wata guda biki, mai kula da ɗakin karatu, Malama Rahila Gill, ta kira shi ya ga abin da ta shirya. Ta jera tsofaffin littattafan Asabar a akwatunan gilashi a babban zaure, ta buɗe kowanne a shafin da ya dace, na shekarar kofi kuwa ta sa shi a tsakiya don girmama shugaba. Ya sunkuya ya duba. Ga sunan Inayat a sama, ga sa hannu ashirin da uku a jere, duk sun karkata hagu, duk nasa ne, sai gurbi ɗaya fari fat a ƙarshe. Malama Rahila tana ta bayani a kan irin takardar da ake amfani da ita a da, shi kuwa idonsa na kan gurbin. Ya tuna abin da ya rubuta a daftarin babi na goma: wai kyaftin na farko ya bar kwaleji saboda dalilan iyali.

Matarsa, Farkhanda, ita ta fara jin labarin, suna karin kumallo. Ta saurare shi har ya gama ba ta katse shi ba, ta ajiye kofin shayinta. Ta ce ta daɗe da sanin akwai abin da ke tsakaninsa da bishiyar nan, amma ta ɗauka wata budurwa ce. Da ya ce zai je ya gaya wa Inayat, ya kuma roƙe shi ya zo biki ya dasa tasa bishiyar, sai ta dube shi, ta kira shi da sunan 'yarsu, ta ce, "Abban Sadiya, don shi za ka je, ko don kai ka samu barci?" Ya ce gaskiya ai gaskiya ce. Ta ce ba ta musa ba, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Kafin ya tafi ya sa mai kula da fili, Baba Sardara, ya haƙa rami kusa da tasa bishiyar, ya samo dashen tut mai kyau a tukunya. Baba Sardara ya ce ai kyaftin na bana raminsa yana can yamma, wannan na waye? Ya ce na wani tsohon kyaftin ne da aka manta.

Ranar wata Asabar ya tafi, bayan an tashi daga Zaman. Ya isa ƙauyen da azahar. Tun daga bakin lungu ya ji ƙamshin turararren itace, irin wanda yake ji a rigar Inayat kowace Lahadi. Wurin aikin ya ragu, don 'yan wasan yanzu sun koma gorar roba, ta itace sai makarantun ƙauye. Wani mutum mai shekara arba'in, hannunsa duk ƙuna, ya fito ya gan shi, ya ruga ciki yana cewa Abba, ga mai sunana.

Inayat ya fito yana dogara sanda, ya rame, ido ɗaya ya yi fari, amma bakin yana nan. "Kunkuru," ya ce, "shekara arba'in da biyar kana hanya, yau dai ka iso. Ai na ce musu ba ka da sauri ne kawai."

Aka fito da gadon igiya ƙarƙashin rumfa, aka kawo kindirmo mai sanyi a dogayen kofuna, aka aika a yanka kaza duk da ya ce a ƙoshe yake. Maƙwabta suka yi ta leƙowa, kowa ya zo sai Inayat ya ce masa ga shi, wannan ne. Ashe duk ƙauyen sun san labarinsa. Sun san ɗan mai gonaki da ya ci kwano ɗaya da ɗan masassaƙi, ya sa masa hannu sau ashirin da uku yana kasadar karatunsa. Da shi ake yi wa yara misali idan ana maganar abota. Ɗan Inayat ya ce tun yana ƙarami mahaifinsa ke gaya masa cewa sunan da ya ɗauka mai nauyi ne, kada ya kuskura ya zubar da shi.

Duk wanda yake da hankali a nan zai ci kazarsa ya yi sallama. Tanwir ma ya yi tunanin haka, har sau biyu. Amma ya riga ya haƙa rami, ya kuma gaji da ɗaukar abin nan shi kaɗai. Da mutane suka watse, ɗan ya koma bakin tukunyar turara itace, Tanwir ya matso ya ce, "Ɗan'uwana Inayat, akwai maganar da na zo da ita."

"In ta bikin ce, na ji. Zan zo, amma ka ce su ajiye mini kujera kusa da ƙofa, mafitsarata ba ta jure lacca. Ka ga har yanzu ban iya Zaman Asabar ba."

"Ranar nan babu malamin da ya tsaya a kan littafin."

Inayat ya juyo da lafiyayyen idonsa. "Wace ranar?"

"Asabar ta ƙarshe. Ba kowa a wurin. Alƙalami yana hannuna, na rufe shi na sa a aljihu. Ina so in ja 'yan wasa a gaban mahaifina. Na ɗauka wasa ɗaya za su hana ka, wallahi ban san za ta kai ga kora ba. Da ta kai kuma na yi shiru."

Ya shirya wa zagi, ya shirya wa kuka, har mari ya shirya wa. Inayat bai yi ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai yana murza tabon ƙunar da ke bayan hannunsa, kajin gidan suka dawo suna tsattsagar ƙasa a gindin gadon. Tanwir ya ci gaba da zuba, yana cewa zai gyara babin, zai faɗa a gaban jama'a, an haƙa rami, an samo dashe, za a rubuta allo da sunansa da shekararsa.

"Chaudhry Sahib," in ji Inayat. Bai taɓa kiransa da wannan sunan girman ba sai da zolaya, yau kuwa babu zolaya a ciki. "Ka san abin da nake gaya wa kaina idan na ji a rediyo yaran da nake wucewa da ƙwallo sun tafi buga wa ƙasa? Nakan ce ba komai, Inayat, ka rasa wasa amma ka samu aboki, kuma kai ma ka rufa masa asiri, kun yi daidai. Da wannan na tsufa. Da shi na yi wa ɗana suna. Kwalejin ka karɓe tuntuni, na haƙura. Wannan ɗin da ya rage mini, me ya tsare maka da ka taso tun daga birni ka zo ka karɓa?"

Tanwir ya ce ya ga bai kamata su mutu da ƙarya a tsakaninsu ba.

"Kai ta dama. Ni ba ta taɓa hana ni barci ba."

Ya yunƙura ya miƙe da sandarsa. Ya ce a zauna a ci abinci, tun da an riga an yanka kazar, baƙo baƙo ne. Shi dai zai ɗan kishingiɗa, ƙafarsa na ciwo. Ya shige ɗaki ya saki labule. Tanwir ya zauna da ɗan gidan ya tura loma uku da ƙyar, mutumin yana ta ba shi haƙuri, wai Abba haka yake yanzu, saurin gajiya gare shi.

A hanyar komawa ya tuna tambayar Farkhanda, ya kuma san amsarta. Nauyin da ya ɗauka shekara arba'in da biyar bai yar da shi ba, ya kai shi ne ya sauke a kan tsoho mai ido ɗaya. Abin da ya fi ci masa rai, shi ma bai ji sauƙin ba. Ya yi nadamar rufe alƙalami, yanzu kuma ga nadamar buɗe baki, ya rasa wadda ta fi ciwo.

Duk da haka ya gyara babin, ya rubuta abin da ya faru ba ƙari ba ragi, ya shirya karanta shi a gaban taro. Ya aika wa Inayat katin gayyata, ya sa aka ajiye kujera kusa da ƙofa. Kullum da safe sai ya bi ta bayan ragar gabas ya ga ramin, da dashen a tukunyarsa, Baba Sardara yana ba shi ruwa yana gunaguni cewa tut ba ya son daɗewa a tukunya.

Ranar biki fili ya cika tun da hantsi. Tsofaffin kyaftin sun zo da jikokinsu, kowa yana neman bishiyarsa, ana gardamar wa ya fi wa tumbi. Dokta Tanwir yana tsaye a bakin zaure cikin baƙar rigar shugabanci, idonsa na kan babbar ƙofa, saura rabin awa a fara jawabi. Sai ya hango mai sunansa yana ratso jama'a shi kaɗai, da gora a naɗe cikin takarda.

Mutumin ya gaishe shi da ladabi, ya miƙa gorar da hannu biyu. Ya ce Abba ya ce a ba kyaftin na bana, kamar yadda aka saba, don yaron bai yi wa kowa laifi ba. Tanwir ya juya gorar yana neman 'yar takardar nan ta kowace shekara. Babu. Ya tambaya ko jikin ne ya hana shi zuwa, aka ce a'a, lafiyarsa ƙalau, yana can bakin aiki.

Har mutumin ya juya zai tafi, sai ya dawo yana sosa ƙeya, kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa.

"Baffa, don Allah in tambaye ka, tun da kai ka fi kowa saninsa. Tun ranar da ka zo, Abba bai ƙara kiran sunana ba. Kai zo, kai miƙo, kai riƙe nan. Shekarata arba'in ban taɓa jin haka daga bakinsa ba. Na yi tunani har na gaji ban gano ba. Ko ya gaya maka abin da na yi masa?"

A cikin zaure an fara gwada lasifika. Dokta Tanwir ya dubi takardun jawabin da ke hannunsa, ya dubi mutumin da ke ɗauke da sunansa. Ya ce masa bai yi komai ba, ya shigo ya zauna, zai ji dalili yanzun nan, akwai kujera kusa da ƙofa. Mutumin ya yi godiya, ya ce ba zai iya tsayawa ba. Yau Asabar, an riga an ɗora itace a wuta, kuma Abba ba zai iya lanƙwasa shi shi kaɗai ba.